Kwalbar da ake buɗewa da takobi

Shekarun baya, ina raba abinci a wani otal nan Riyad, mudir ɗinmu, wato manaja, ya kawo wani shamfen, abin sha mai kumfa na Turawa, mai ɗan karen tsada, irin wanda aka cire wa giya. Kwalbar da labarinta take tafe. Wai wata 'yar ƙaramar masarauta ce a Turai, ba ta kai unguwar Malaz girma ba, maƙwabta suka yi mata ƙawanya, yarimanta ya ƙi miƙa wuya. Ranar da maharan suka janye, sojojinsa suka riƙa sare wuyan kwalabe da takobi don murna. Tambarin gidansa ne a jikin kwalbar, kuma duk wanda ya saya sai an ba shi labarin, a buɗe masa da takobi.

Ni aka ɗora wa labarin, tunda an san bakina ba ya ciwo. Na haddace shi da Larabci da Turanci, har da ɗaga gira, ni da ban san tarihin garinmu ba. Takobin kuwa aka ba abokina, mutumin Damagaram, ɗan gidan mahauta. Sharaɗin ɗaya ne: daga ƙanƙara sai hannunsa, don in kwalbar ta yi ɗumi fashewa take yi. Fito da ita aikina ne.

Wani bikin aure cikin bazara, a farfajiyar otal, na fito da ita ke nan aka kira magariba. Na ajiye ta kan tebur na bi jam'i. Muka dawo, ango ya ƙara ɓata lokaci. Da na taɓa ta, sanyin ya gudu. Mudir na can yana azalzalar mu da Larabci, "Yalla, yalla!" In na canza ta, na amsa na yi sakaci ke nan, ga iƙamata, takardar zama, ta kusa ƙarewa.

Abokina na sanye da safar hannu, ba zai ji ɗuminta ba. Ya raɗa mini, "Ɗan'uwa, da sanyinta ko?"

Na ce, "Da sanyinta."

Na zuba labarin yarima tsaf. Ya ja takobi, kwalbar ta tarwatse a hannunsa na hagu. Wasu baƙi har sun fara tafi, sun ɗauka cikin wasan ne.

Yatsunsa uku ba su ƙara motsi ba. Mudir ya ce kuskuren mai takobi ne, aka sallame shi gida. Ni aka sabunta mini iƙama a watan.

Na daɗe da barin otal ɗin, amma kunyar ba ta bar ni ba. A ranar na san ni matsoraci ne, kuma har yau ban canza ba. Duk Sallah yana kirana, ya ce ba zai manta ni na kai shi asibiti ba. Ni kuma in ce masa ba komai.