Tudun da Munka Kai Baƙi

Duk unguwa munka ɗunguma bayan baƙin nan, hedimasta gaba, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci baya, muna jan takalmi. Daga Abuja anka turo su duba garuruwan da za a kafa ɗakin jarrabawa ta kwamfuta, kuma sun ce ba a kafa shi inda babu sabis. Mu ko mun san inda sabis yake. Tudun arewa da makaranta, nan muka hawa mu kira dangi tun lokacin da anka yanke waya.

Ni zancen jikanyata yak kai ni. Ta gama sakandare, jarrabawar sai Sakkwato, ubanta ko ya ce ba ta bin hanyar nan da ake tare motoci. Ɗana ne, na san taurin kainai. Shi ma ya biyo mu, hannu a baya.

Shugabar baƙin mace ce, ba ta kai ɗiyata ta fari ba. Ta ɗaga wayarta bisa tudun, tad duba, tay yi murmushi.

"Inna, wanga ai na Nijar ne."

Nic ce, "To ba ya kira?"

"Yana kira. Amma jarrabawar Nijeriya ba ta biyowa ta ƙasar maƙwabta."

Mu dai sabis sabis ne, kamar ruwan sama, ba mu taɓa tambayar na wa ne ba. Hedimasta ya kama gyaran hula.

Sai taz zauna bisa dutse, tab buɗe kwamfutarta a cinya. Ni ban da kunyar leƙe, na leƙa. Ƙasar nan ce baki ɗaya kwance cikin abin da bai kai faifai ba, an yayyafa mata ɗigo kamar gero a tabarma. Tac ce kowane ɗigo ɗakin jarrabawa ne, kuma ranar da za a yi, tambaya guda za ta buɗe ma yaron Legas da na garin Isa a ƙiftawar ido guda. Na tsufa ina ganin saƙo na kwana a hanya.

Ta ja yatsa, arewa ta matso, gulbinmu ya fito siriri kamar zare. Ga baƙaƙe. Na sa yatsa na bi su ɗaya-ɗaya yadda malama ta koya muna, mutanen Abuja na jirana. Sa-bon Bir-ni. Ni da kaina na karanta, ba wanda yag gaya mani.

"Ga suna, ina ɗigonmu?" nic ce.

"Shi munka zo dubawa, Inna."

Ta tambayi hedimasta ko rufin makaranta na ɗaukar faranti. Tac ce akwai wanda ke jawo sabis daga sama kai tsaye, ba ruwanshi da iyaka, wuta kuma rana za ta ba da. Hedimasta yac ce rufin sabo ne. Ta tura mutum biyu sunka hau, sunka sauko, sunka gyaɗa kai.

Ta danna. Ɗigo ja ya fito bisa garinmu.

"Ba alkawari ba ne, na kai shawara ne," tac ce.

Ɗana ya sunkuyo, ya daɗe yana kallon ɗigon.

"In nan ne," yac ce, "da ƙafa za ni raka ta."