Ramar da ba ta da tsami

Shekarar da aka ba ni 'yar gona a lambun da ke bayan benayen unguwar Minguettes, a nan ƙasar Turawa, gwiwata ta riga ta fara ciwo, don na daɗe ina jiran layi ya zo kaina. Gonar ba ta fi falo girma ba, amma tun da na baro Maraɗi ban sake samun ƙasar da zan tsuguna a kai in ce tawa ce ba. Ranar da shugabar komiten lambun ta miƙa mini makulli ta karanta mini dokoki, tunda ni ban shiga lakwal na koyi karatu ba: ba a ƙona ciyawa, ba a kiwon kaji, kuma duk wanda ya shuka abin da hukuma ta hana, ranar zai ajiye makulli. Ni dai maganar kajin ce kawai ta yi mini ciwo.

Abin da raina ke so rama ce, in yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli kamar mutum. Na baza magana cikin dangi a nemo mini iri. Sai ga ɗan ƙanena daga Sevran, mai kai wa mutane kaya da mota a Paris, wanda ko barka da Sallah sai na aika an tuna masa. Ya zo rungume da kwali, 'yan tsirrai a cikin gwangwanaye.

"Gwaggo, ga ramarki. A ɗaki na tayar miki da ita saboda sanyi."

"Kai? Kai da ba ka san kan albasa da gindinta ba?"

"Mutum yana canzawa, Gwaggo."

Na duba ganye, yatsu-yatsu ne kamar na rama. Shi ya zaɓi wuri, can ƙurya jikin shinge, bayan gangar ruwa, wai nan rana ta fi zama. Da hannunsa ya dasa. Na ce lalle addu'ata ta fara kama shi.

Na yi mata duk abin da ake yi wa rama. Da ta kai ƙugu na tsinko ganye na dafa. Ba tsami ko na magani, sai ɗaci da wani wari mai hawa kai. Na zubar, kuma ban yi mamaki ba. A ƙasar nan kaza ba ta da ɗanɗanon kaza, tumatir ruwa ne zalla, barkono ma sai ka roƙe shi kafin ya yi yaji. Don me rama za ta fita daban? Na ce a bar ta ta yi iri, karan kuma in yi igiya.

Ɗan ƙanen nawa ya koma yi mini waya kullum, gaisuwar a yanke: "Ina wuni Gwaggo, ya rama?" Gwiwata ko sau ɗaya bai tambaya ba. Samarin unguwa da ba sa ba ni hanya a bakin bene su ma suka fara tsayawa jikin shinge suna dafa ƙirji suna gaishe ni: "Bonjour Mamie, respect!" Na ce to, tarbiyya ta fara shigowa unguwa.

Rama ta girma har ta wuce ni. Ina ta jiran furen rama, mai ruwan ɗorawa da jan ciki, shiru. Sai wasu tunkura curi-curi a kan rassa, masu danƙo kamar ƙaro.

Maƙwabcina a lambun wani tsoho ne ɗan Cadi, mahauci da ya ajiye wuƙa. Kullum muna faɗa, don kabewarsa ba ta san iyaka ba. Wata rana da hantsi ya leƙo.

"Hajiya, yaushe kika buɗe kasuwa?"

"Wace kasuwa, Alhaji? Janye kabewarka tukuna."

"Waccan ta ƙurya nake nufi. In an zo tafiya da ke, ki ce ba ki san ni ba."

"Rama ce."

"Rama! Da rama aka yaye ni, ban taɓa ganin wadda samari ke gaisarwa ba. Tabar wiwi ce, Hajiya. Kuma ta yi kyau, masha Allah. Astagfirullah."

Ya ƙara da cewa mako mai zuwa komite za ta zagaya gonaki.

Na kife bokiti na zauna. Ni da nake leƙe ta taga ina kai wa iyaye rahoton abin da 'ya'yansu ke busawa a gindin bene, ni ce na yi damina guda ina yi wa wiwi ban ruwa da bisimilla. Na shafa makullin da ke ɗaure a bakin zanena.

Ban kira ɗan ƙanen nawa ba. Ya sha gaya mini kada in taɓa ta sai ya zo. To, shi ya ce rama ce, girbin rama za a yi. Washegari na ari adda wurin Alhaji na sare ta kaf. Na zage ganye da tunkuran nan, Alhaji ya haƙa rami mai zurfi yana salati, muka binne su da ɓawon dankali da kashin doki. Karan na ɗaure dami-dami na jiƙa a ganga don ɓawon ya saki.

Da shugabar komite ta zo, ɗoyin ruɓaɓɓen kara ya tare ta tun daga ƙofa. Ta toshe hanci ta tambayi mene ne. Na ce igiya nake yi irin ta ƙasarmu. Ta ce, "C'est magnifique," wai abin ya yi kyau, ta wuce da sauri har tana taka wa Alhaji kabewa.

Da sanyi ya fara shigowa, sai ga mai rama ya sauko daga jirgin ƙasa da manyan jakunkuna biyu wayam, da almakashi a aljihu. Ya tsaya gaban ƙuryar, baki sake.

"Gwaggo, ina ramar?"

"Na hutar da kai, na girbe." Na miƙa masa igiyar da na tufka a cinyata, doguwa, mai ƙwari.

Ya juya ta a hannu. "Kan fa? Abin da ke sama?"

"Sharar? Wa ke ajiye kan ramar da ba ta yi iri ba? Ko yana da wani amfani da ban sani ba? Faɗa mini, ɗana, ga Alhaji ma ya ƙaru."

Alhaji ya jingina da shinge ya gyara hula. Ɗan ƙanena ya dube shi, ya dube ni.

"Babu, Gwaggo."

"To yi godiya."

"Na gode."

Tunda ya zo da ƙarfinsa, na ba shi fartanya ya juya mini ƙasar gonar gaba ɗaya. Jakunkunan kuwa Alhaji ya cika masa da kabewa, don ba a komawa Paris hannu rabbana. Igiyar ya bar ta kan ganga, wai ya manta. Da ita nake ɗaure tumatir har yau, makullina kuma yana nan a bakin zane.