Wanzamin da Ya Ƙi Buɗe Zabirarsa a Gidana

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinmu, Baba Nagoda zai rataya zabira ya hau tsohon kekensa. Da tsofaffin da ba sa iya fita yake farawa, ya aske su a zaurukansu, sannan ya nufi gidajen suna. Tudun Wada, Gyallesu, wani lokaci har Hanwa. Bayan azahar ka same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, masu son ƙaho sun jeru a tabarma. Shekara arba'in da wani abu yana haka. Watan jiya ya ce ido ya fara yi masa gardama, hannu ma ba kamar da ba, ya ajiye aska da kansa tun kafin wani ya ce ya ajiye.

Ni Auwal mai walda ne, a aji huɗu na bar makaranta, kuma ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Abin da na gani zan faɗa.

Madam Ijeamaka mai kemis a bakin titi ta ce tun kafin rediyo ta fara cewa kowane kai da rezarsa, Baba kwali guda yake ɗauka a wurinta. Matan unguwa kuma sun san jariran da ya duba ya ce a wuce asibiti, har wasu suka yi fushi suka daina kiransa. Ni ma na ji labarin, ban ɗauke shi komai ba sai da ya zo kaina.

Da daminar da ta wuce matata Naja'atu ta haifi mace. Kwana uku yarinya ba ta kama nono sosai, in ta yi kuka leɓenta ya yi baƙi. Inna, mahaifiyata, ta ce belu ne, a kira wanzami ya cire. Baba ya zo, ya karɓe ta, ya duba leɓe, ya duba farce, ya daɗe yana kallon ƙirjinta. Ko igiyar zabira bai kwance ba. Ya ce mu tashi yanzu, ba gobe ba.

A asibiti aka yi hoto, likita ya zaunar da mu. Ya ce zuciyar ba ta gama haɗuwa ba tun a ciki, kuma irin wannan ba aikin da zai gyara ta. Ko makonni suka rage mata, ko watanni, Allah ne masani. Suka ba mu magani, suka koya wa Naja'atu ba da nono da ƙaramin kofi, suka ce a kiyaye kada ta yi dogon kuka. Ranar kwana shida muka dawo gida.

Ni kuwa duk rayuwata abin da ya karye ɗinke shi nake yi da wuta. A ce in naɗe hannu in zauna, kaina ya ƙi ɗauka. Na tafi wurin Baba na ce tunda na boko sun gaza, ya cire belun, ya yi mata tsaga a ƙirji baƙin jinin ya fita. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auwal, askata ba ta kai zuciya. Abin da zan iya kawai shi ne in sa ta kuka, kai kuma ka ga abin da kuka ke yi mata."

Na ce, "Baba, in tsufa ne ya hana ka, faɗa mini in nemo mai ƙarfin hannu."

Ya ce, "Nemo. A zaurenka zai same ni."

Na nemo kuwa, daga can wata unguwa. Muka shigo muka tarar da Baba ya miƙe ƙafa a zaurena yana ɓare goro kamar gidansa. Mutumin ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya miƙe ya ba ni haƙuri, ya ce a duba masa jikin yarinya, ya fita. Na tsaya ina huci. Baba bai ko kalle ni ba ya tambaye ni ina ragon suna. Na ce ban saya ba, in tara mutane in yanka wa wa? Ya ce, "Wanda ya ba ka ita ya faɗa maka ranar karɓa? Gobe kwana bakwai. Wuce kasuwa tun ba a watse ba."

Washegari aka raɗa mata Surayya. Askin jariri da na saba ganin Baba ya gama kafin shayi ya huce, ranar tun hantsi har aka kira azahar. Ya sa Naja'atu ta kwantar da ita a ƙirjinta, ya sa aka ɗumama ruwa. Ya ɗan aske, da ta motsa baki ya janye hannu ya jira ta koma barci. Inna ta ce masa ko kan Surayya gona ce, ya ce eh Hajiya, kuma ba a yanka masa ranar gamawa ba. Mata suka yi dariya, karo na farko da aka yi dariya a gidan tun haihuwa. Har ya gama ba ta yi kuka ba.

Yau Surayya wata takwas. Likitoci ba su canza magana ba, mu ma ba mu yaudari kanmu ba. Ba ta da nauyi, ba ta zama da kanta. Amma ta san muryata. Kullum da azahar nake kashe inji in je gida, in wanke hannu da sabulu sau biyu, in ɗauke ta Naja'atu ta samu ta runtsa. Tana kama gemuna ta ja. Baba yakan leƙo ranar Juma'a, ya tambaya ko amaryarsa ta tashi.

Baba Nagoda, kai ne wanzamin da ya san inda aska take tsayawa. Na yi maka rashin kunya a ƙofar gidanka, ka biyo ni ka tsare mini gida daga ni kaina. Ban iya dogon zance ba. Ka yafe ni, na gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske.

Ku kuma masu sana'ar hannu, wanzamai da unguwarzoma da masu magani, har mu masu walda: in aiki ya fi ƙarfinku ku faɗa, ko mai shi zai zage ku. Zagin zai wuce. Ni na zagi Baba, ga shi yau ina rubuta wannan.

Ban san kwana nawa suka rage mana da Surayya ba. Na dai san duk ranar da Mai ita ya aiko, za mu miƙa ta babu tabo ko ɗaya da hannunmu ya yi mata.