Tuwon Ireland da Miyar da Ba Ta Zo Ba

Na wanke hannu, na zauna jiran miya.

Maƙwabciyata 'yar Ireland a gidan ɗalibai na garin Villeurbanne ce ta gaji da ganina da kebab, wato gasasshen naman kanti, kullum, ta tuƙa min abincin kakarta mai gina jiki: tuwon dankalin turawa da ɗigo-ɗigon kore.

Ina jiran miya, tana jiran baƙuwa ta fara. Muna ta yi wa juna murmushi har tuwo ya huce, idonta ya kawo ruwa.

"Ba kya so ne?"

"Ina so mana. Ina miyar?"

"Ai kabeji da madara suna ciki."

Dariya har da riƙe ciki. Na cinye tas, na nemi ƙari.

Jama'a, ku raba gardama: tuwon da ya haɗiye miyarsa, tuwo ne ko fate?