Hamisu, da Kabarin da Wa'adinsa Ya Cika

Shekara biyu ke nan da ƴan watanni da muka binne Hamisu a maƙabartar Abu Hamur, a nan Doha. Mu kaɗan ne a wurin, kowa da takunkumi a fuska, kowa ya ja nesa da ɗan'uwansa saboda dokar annobar korona. Tun daga ranar nake cewa zan rubuta wani abu a kansa, ina ɗagawa. Abin da ya zaunar da ni a ƙarshe shi ne zuwan ɗansa Nura a wannan wata na gasar cin kofin duniya. Ya zo daga Jamus, kuma ya zo mini da tambayar da ban shirya mata ba: shin a bar kabarin ƙanwarsa da ke can, ko a ƙyale hukuma ta share shi?

Da Hamisu muka yi jami'a a Zariya. Ni na bi Larabci da aikin fassara, shi ya bi tsara birane. Ya tafi Jamus ƙarin karatu, ya ɗauki matarsa Binta, aiki ya riƙe shi a can shekaru masu yawa. Ofishinsa yana Frankfurt, amma gidansa yana wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke bi ta cikinsa. Sau ɗaya na ziyarce su. Na sauka a tashar garin da hantsi, na tarar da tituna tas, gidaje a rufe, ba kowa sai wata tsohuwa da karenta. Na tambayi Hamisu ko makoki ake yi. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Malam Isa, ai ka zo a lokacin da garin ba ya nan. Ka bari yamma ta yi, jirgi zai dawo da shi."

Haka kuwa aka yi. Da la'asar sakaliya sai jirage suka dinga zube mutane, tagogi suka buɗe, aka fara jin ƙarar tukwane da muryar yara. Mutanen garin a birni suke yini, gida kwana kawai suke zuwa yi.

Washegari ya zagaya da ni a ƙafa, kuma a lokacin na gane cewa garin nan ya shiga ransa fiye da yadda yake nunawa. Garin yana kwance ne tsakanin wani ƙaramin kogi da tudu mai kurmi. Tsohuwar unguwa tana gindin tudun, inda ambaliya ba ta kaiwa, da cocinta da ƴan gidajen katako da suka karkace don tsufa. Ya ce da can ƙauyen manoma ne, sai aka gano yumɓun bakin kogin yana yin jan bulo mai kyau, aka kafa wurin gasa bulo, jirgin ƙasa ya biyo. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kawo ƴan gudun hijira daga gabas, aka gina musu unguwa a ƙetaren layin dogo. Daga baya Turkawa suka zo aikin masana'anta. Daga ƙarshe kuma sai irinsu Hamisu, ma'aikatan ofis waɗanda hayar birni ta fi ƙarfinsu. Yana nuna mini rufin gidaje yana gaya mini zamanin da aka yi kowace unguwa, kamar mai karanta allo. Ya ce duk wanda ka gani a garin yana kiran wani baƙo, in ka bincika kakansa ma a jirgi ya sauka.

A ƙarshen zagayen muka shiga maƙabartar garin. Ban san nan muka nufa ba. Na san sun rasa ƴa, Sa'adatu, tana da ƴan watanni a duniya, lokacin Nura yana ɗan shekara huɗu, amma ban taɓa tambayar inda aka sa ta ba. A bakin ƙofa akwai wani ƙarfe da aka rataya butocin ban ruwa na roba, kowace da kwaɗonta kamar na keke. Hamisu ya ciro mabuɗi daga aljihu, ya kwance tasa, ya cika ta a famfo. Ya kai ni layin yara, ga ɗan dutse mai sunanta, ga furanni an shuka an gyara. Ya durƙusa ya cire ciyawa, ya zuba ruwa, sannan muka yi addu'a. Duk Lahadi haka yake yi, kamar yadda mutanen garin suke yi wa nasu.

Abin ya yi mini banbarakwai, kuma na faɗa masa. Mu a gida ba ma shuka fure a kabari. Ana rufewa, a yi addu'a, damina biyu ta wuce ƙasa ta daidaita, kuma ba wanda ya ce an yi wa mamaci laifi. Bai yi mini musu ba. Ya ce shi ma ya sani. Sai dai a garin nan, in ka bar kabari ba gyara, maƙwabta za su ɗauka yarinyar ba ta da kowa, shi kuma ba zai iya jure a yi mata wannan kallon ba. Sannan ya ƙara da wata magana da har yau take damuna. Ya ce a gidansu kaf, shi jirgi yake bi, Binta tana ɗokin komawa gida, Nura zai girma ya tafi; Sa'adatu kaɗai ce ƴar garin ta gaskiya, don ita ce ba ta zuwa ko'ina. A ranar ya gaya mini cewa a can kabari ma wa'adi gare shi. Nata shekara ashirin ne. In ya cika, sai dangi su nemi a sabunta, in ba haka ba a ɗauke dutsen, a baje wurin, wata rana a sa wani.

Shekaru bayan haka aiki ya kawo shi Doha, inda na riga shi zuwa. Binta ta biyo shi, Nura ya zauna a can saboda karatu, kuma mabuɗin butar ya koma hannunsa. Hamisu yana aiki da wani kamfani a unguwar West Bay, suna tsara hanyoyin motocin da za su ɗauki jama'a lokacin gasar. Ranar Juma'a yakan ja ni Sana'iyya, unguwar garejoji da gidajen ma'aikata, mu gaisa da ƴan'uwanmu masu gadi da direbobi. Yakan ce wannan ma garin kwana ne, irin wancan: da asuba motoci su kwashe mutane, da yamma su dawo da su. Bambancin da ya gani shi ne, a can mutum yana iya tsufa a garin har a binne shi, a nan kuwa kusan kowa da ranar tafiyarsa, in ma mutuwa ta zo, gida ake so a kai gawa. Ya sha gaya mini cewa shi a Zariya yake fatan a sa shi, kusa da mahaifinsa.

Allah bai ƙaddara haka ba. Annoba ta zo, aka killace wani sashe na Sana'iyya, aka rufe hanyoyin jiragen sama. Hamisu ya kamu, aka kai shi asibiti, ba a bar kowa ya shiga wurinsa ba, har Binta. Ta waya muka yi magana ta ƙarshe, numfashinsa yana sarƙewa, amma sai da ya tsokane ni cewa in daina tara littattafai a ɗakin haya kamar wanda ya gaji gidan. Da ya rasu ba halin kai shi gida. Nura ya kalli jana'izar mahaifinsa ta wayar da na ɗaga masa. Bayan takaba, da hanya ta buɗe, Binta ta koma Zariya.

A makonnin nan na yi ta tunanin abin da zai ce da ya ga Doha yanzu. Motocin da ya yi shekaru yana zana wa hanya suna tafiya cike da baƙi masu tutoci da waƙe-waƙe. Na san zai ji daɗi, don mutum ne mai son ya ga abu yana aiki. Na kuma san zai tsaya a bakin titi yana tambaya, ko cikin waɗannan dubban mutane akwai wanda zai san inda masu gadin filin wasa suke kwana. Ba mutum ne mai ɗaci ba. Tambaya kawai yake yi, ya bar ka da ita.

Nura ya sauka a gidana. Ya zama saurayi, yana aiki a Frankfurt, Hausarsa tana nan sai dai takan tsaya masa a wasu wurare ya nemi kalma. Kafin ya je kallon ko wasa ɗaya ya ce in kai shi wurin babansa. Muka je da safe. Ya tsaya a kan tudun ƙasa da ɗan allo mai lamba, ba fure, ba inuwa. Bayan mun shafa addu'a ya juyo.

"Baffa, nan ma akwai wa'adi?"

"Ban taɓa jin haka ba."

"To na Sa'adatu ya cika. Sun kafa ɗan allo a kan kabarin, wai dangi su zo su yi magana kafin sanyi ya wuce. Kai ka fi kowa sanin Baba. Me zai so in yi?"

Na ce masa ya ba ni lokaci. Gaskiya ita ce ban sani ba. Karatuna da tarbiyyata sun ce mini kabari ba gida ba ne, yarinyar tana wurin Ubangijinta, dutse ba ya ƙara mata komai. Amma na ga Hamisu durƙushe yana cire ciyawa da yatsunsa, kuma ban ga wanda ya ba ni ikon in ce wannan aikin banza ne ba. In na ce a sabunta, na ɗaure yaro da garin da bai zaɓa ba na wasu shekaru ashirin, da sunan mamacin da ba zai iya ƙaryata ni ba. In na ce a bari su share, na yanke hukunci a kan ƴar da ba tawa ba. Na lura kuma cewa mu biyu, ni da Nura, muna ta neman ra'ayin wanda ya mutu, alhali uwar yarinyar tana raye. Na ce masa mu kira ta.

Binta ba ta taɓa shiga maƙabartar nan ta Jamus ba, kamar yadda matanmu da yawa ba sa shiga. Nura ya sa wayar a fili, ya yi mata bayani yana kame-kame. Ta saurare shi har ya gama.

"Nura, kai kana zuwa?"

"Ina zuwa, Umma. Ba kowace Lahadi ba."

"Kana zuwa don ita, ko don kada Babanka ya ji haushi?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ce, "Ai na sani. Kai ko fuskarta ba ka riƙe ba. Babanka ne yake bukatar wurin nan, don shi ya sa ta a ciki da hannunsa, ba uwa ba uba kusa da shi. Yanzu ya je inda take. Ni ƴata a ƙirjina take, ba a Jamus ba. Ba zan ɗaure mai rai saboda wadda ta riga ta huta ba. Ka bar musu ƙasarsu. Abu ɗaya nake roƙo, ranar da za su ɗauke dutsen kada a yi ba namu a tsaye. Malam Isa, kana jina?"

Na ce ina jin ta. Muryarta ba ta karye ba sai da ta zo yi mana sallama.

Nura ya yi kuka a ranar, kukan da ina jin bai samu yi ba lokacin jana'iza. Ya amince da maganar mahaifiyarsa. Ni dai har yanzu ban tabbata Hamisu zai yarda ba. Mai yiwuwa ya yi gardama, mai yiwuwa kuma ya ce Binta ta fi mu duka hankali, kamar yadda ya saba faɗa in ta kayar da shi a magana. Nan da ƴan watanni sunan gidansu zai fita daga ƙasar garin da ya sani lungu-lungu, kuma shi kansa yana kwance a ƙasar da bai yi niyyar zama ba. Ba abin da ya gina da za a rubuta sunansa a kai. Abin da na ga ya saura shi ne ɗa wanda ya ƙi yanke irin wannan hukunci shi kaɗai, sai da ya ƙetaro ƙasashe ya tambayi manya, da kuma mace wadda ta iya sakin kabarin ƴarta don ɗanta ya samu sarari.

Kafin ya koma, Nura ya tambaye ni ko zan iya zuwa ranar da za a ɗauke dutsen. Na nemi hutu a wurin aiki, an ba ni. Mahaifinsa bai samu jama'a a bakin kabarinsa ba, kuma ba zan bari yaron ya tsaya shi kaɗai a bakin na ƙanwarsa ba. Allah Ya jiƙan Hamisu, Ya haɗa shi da Sa'adatu a inda ba a tashin kowa, Ya ba Binta da Nura haƙuri.