Duwatsun Kawu Ɗanjumma da Na Wanke

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjumma, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya shan ruwa sai ya sunsuna. Ko a gidan suna aka miƙa masa moɗa, sai ya kai hanci, ya lumshe ido, ya ce, "Ruwanga ya gaji." Kai, Kawu! Mun sha kunya a Gummi saboda hancin nan.

Shekara ashirin ya yi yana dafa abinci a jirgin ruwa a Legas. Da ya dawo gida, kowa na jiran ganin babur ko injin ban-ruwa, sai ga shi da akwatin gilashi da kifayen teku guda bakwai, wani ruwan ɗorawa, wani shuɗi, wani mai ratsin fari, babu wanda ya kai tafin hannu. Gishirin da ake haɗa musu ruwa da shi ma na musamman ne, daga Legas wani direba ke kawo masa. Sola ɗaya ce a gidan, kuma ɗan injin da ke hura wa kifi iska take ɗauka. Matarsa, Inna Kulu, sai mafici.

Wata rana Malam Isa masunci ya zo kallo. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Ɗanjumma, yaushe za a ci su?"

"Ba a cin su."

"To mi ar ranarsu? Shekara da shekaru kana ciyar da abin da ba a ci?"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ma shekara sittin ana ciyar da kai. Wa ya ci ka?"

Abin da Kawu ke tsoro a duniya shi ne amoniya. Kullum maganarsa ke nan: amoniya ta taso, amoniya ta kwanta. Har wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta ɗauka sunan aljana ce, ta zo da kaskon turare za ta yi wa akwatin hayaƙi. Kawu ya tare ƙofa da hannu biyu.

"Iya, ba iska ba ce! Kashin kihi ne da hitsarinsa. Kihi cikin masai nai shike kwana, cikinta shike sha. In dattin ya yi yawa sai shi zama guba."

Tsohuwa ta tofar da yawu ta ce, "Kuma a ɗaka ka aje wanga abu?" Ta kwashi kaskonta, ba ta ƙara cin tuwon gidan ba.

To, ga inda nawa laifin ya shigo. Daminar da gulbi ya cika ya shigo gari, bangon ɗakin Kawu ya tsage. Gidana yana kan tudu, don haka ya zuba kifayen a durom na roba, da ruwansu na asali, da duwatsunsu, da soson tace ruwa, aka turo a kura har ƙofar ɗakina. Washegari aka yi masa rasuwar amini a Bukkuyum. Kafin ya hau babur ya tsayar da ni.

"Hadiza, ɗiyata, abu ukku. Kar ki ba su abinci har in komo. Kullum ki kwashe bokiti guda, ki zuba na jarkar ga da na haɗa. Duwatsu da soso kuwa, ko da wasa kar ki taɓa."

Na ce, "Kawu, kwana ukkun da za ka yi can, ba abinci? Rowar taka har ta kai ga kihi?"

"Wanda bai ci ba, ba ya kashi. Ke dai yi abin da na ce."

Na bi ta biyu, na saɓa sauran. Duk lokacin da na leƙa sai su taso suna motsa baki, tausayi ya kama ni, na barbaɗa musu abincinsu har da ƙari. Ana nan sai dangin mijina suka aiko za su zo daga Anka. Na dubi duwatsun nan masu yauƙi, na dubi soson da ya yi baƙi, na ce wallahi ba za a ce gidan Hadiza da ƙazanta ba. Na tsame su, na sa ruwan zafi da sabulu, na goge su tas, na ɗauraye, na mayar. Har ina jin daɗi zan burge Kawu.

Ranar da ya dawo, ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa, kifaye sun taru a sama suna haki. Tun daga zaure ya ce, "Zarni nike ji." Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalbar gwajinsa, ya ɗiga magani, ya girgiza. Sai ruwan ya koma kore shar, alamar amoniya ta taso. Ya sa hannu ya ɗago dutse guda, fari fes.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ce, Kawu. Na ga sun yi datti."

Na shirya shan faɗa, amma bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin turmi da dutsen a hannu.

"Ɗiyata, cikin yauƙin nan akwai wasu halittu da ido ba ya gani. Su ke cinye amoniya. Shekara tara ina kiwon su. Kin kore mani ma'aikata duka rana guda."

Yini biyu muna canjin ruwa, ni da shi, har gishirinsa ya ƙare. Biyar suka mutu. Shi da kansa ya haƙa musu rami a gindin zogale. Biyun da suka rage ba su kai rani ba, kuma bai ƙara aikawa Legas ba. Inna Kulu ta samu fanka, amma ta ce da ta san haka gidan zai yi shiru, da ta zauna da maficinta.

Ban iya ba shi haƙuri yadda ya kamata ba sai da ya kwanta ciwon ajali. Na durƙusa gaban gadonsa na ce, "Kawu, ka yahe mani kihinka."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Na yahe tun ran nan. Amma ki gaya ma masu yi mani wanka su bi a hankali. Kar su yi irin naki."

Muka yi dariya, ni ina share hawaye. Bayan kwana huɗu ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanjumma, ya yalwata masa kabarinsa, ya yafe masa kamar yadda ya yafe mani. Amin.