Akwatin da Kaka ke Amsa wa Gaisuwa

A shekarun da sabis ɗin waya ya zama abin nema a kan dutse, ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Batsari. Kawuna, wanda ke cikin dattawan da suka haɗa kai don tsaron mutanenmu na Yasore, ya kawo mini modem na rediyo guda biyu, 'yan na'urorin aika magana ba tare da sabis ba, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ya ce in haɗa su da batir da lasifika a cikin akwati, ɗaya ya zauna a gari, ɗaya a ƙauye. In an hangi ɓarayin daji a hanya, mu faɗa musu su kauce tun da sauran lokaci.

Ni mutum ne da ke komawa ya taɓa kwaɗon da ya riga ya kulle. Sai da na bi kowace waya da mita, na sake narka dalmar da ban yarda da ƙyallinta ba. A kan tebur duka biyun suka yi magana tsaf. Na ƙauye na kai shi ɗakin Kaka, mahaifiyar Kawu, don ita ce kullum a gida. Na ɗaura eriya a kan doguwar gora, na cusa cajar sola cikin akwatin saboda ruwa, na nuna mata maɓallin da za ta danna, na dawo.

Washegari Kawu ya zo rumfa da dattawa, ya karɓi abin magana.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau," in ji akwatin.

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida?"

"Alhamdu lillahi."

Dattawa suka yi kabbara. Ni kuwa ban gamsu ba. Amsoshin sun zo daidai, amma ko kurma aka zaunar zai iya jera su. Na karɓa na danna.

"Amaryata, an ce akuyarki ta haifi jaki."

"Madalla, madalla. Allah Ya yi albarka."

Aka fashe da dariya. Kawu ya ce wasan kaka da jika ne, in rufe akwati a wuce wurin. Na ce ba zan rufe ba sai na je ƙauye na ji da kunnena. Tsohuwar da na sani ba za ta bar ni in ci wannan banza ba, da ta ji da tuni ta tsine wa gemuna.

"Kai dai da shegen wasu-wasi," in ji Kawu. "Hanyar nan kowa ya san halinta. Na hana ka."

Tunda nake ban taɓa musa masa ba. Ran nan na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ranar da za mu ce su gudu, ita ma madalla za ta ce mana."

Na bi ayarin masu babura da ke komawa daga kasuwa, bakina bai huta da addu'a ba har muka shiga ƙauye. Na tarar da Kaka tana tsinke zogale. Na tambaye ta me take ji in mun yi magana.

"Shuuu, kamar ana suya. To amma wa zai kira ni da safe in ba gaisuwa ba? Sai in bar ɗana yana magana shi kaɗai?"

Na kunna akwatin da rana tsaka, ƙarar ta cika ɗaki. Na zare cajar sola, ta ɗauke ɗif. Ashe ita ke toshe wa modem ɗin kunne, a kan teburina kuwa da batir kawai na gwada. Na fitar da ita zuwa zaure da doguwar waya, na rufe ta da tsohon kwano. Sannan na kira gari.

"Kawu, kada ka gaishe ta. Faɗi abin da ba ta zata ba."

Na ajiye abin magana, na fara duba wayoyi. Sai muryarsa ta fito tar.

"Inna, ki haɗa kayanki. Jibi zan turo mota ki dawo gari."

Kaka ta ture hannuna, ta danna maɓallin da babban yatsa.

"Na ji ka sarai. Motar ta kawo mini gishiri da kananzir, ta koma wurinka. Dawata ta kusa nuna."